Warin Silifas a Ƙofar Yaya

Ku matso ku ji, ku da kuka san shi, da ku da kuka ci tuwon gidansa ba ku ko san sunansa ba. Tuwon ma nawa ne, amma a bar wannan. Yayana ya tafi. Ni ban yi boko ba, matar ɗansa ce ke riƙe da biro ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. In aka bar wa masu kuka labarin nan, waliyyi za su mai da shi, ni kuwa ciki ɗaya muka fito, na san shi tun yana satar gyaɗa a rumbun Baba yana cewa ɓera ne.

Ranar Talata ya rasu, da hantsi, a kujerarsa ta kusa da taga, shayinsa bai ko huce ba. Kafin azahar gidanmu na unguwar Karama, nan Dubai, ya cika har bakin matattakala. Wata 'yar Filifin mai gyaran gashi ta faɗo kicin ta rungume ni tana kuka da yarensu, ta jiƙa mini kafaɗa sharkaf. Wani mai gadi ɗan Yuganda, dogo har kansa na neman silin, ya jingina da bango yana shessheƙa kamar wanda aka yi wa duka. Direban tasi ɗan Jos ya bar motarsa inda ba a barin mota, aka ce masa za a ja ta, ya ce a ja. Kowa bakinsa, “Babanmu, Babanmu.” Na ce a raina, ikon Allah, Yaya ɗa ɗaya tak ya haifa, ina aka samo waɗannan? Ni da aka yi wa mutuwar ban sami wurin zama ba. A kan buhun shinkafa na karɓi gaisuwa.

Can sai ga maƙwabcinmu, Bakano ne, Musulmi, yana aiki a kantin magani. Ya durƙusa ya ce, “Mama, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana.” Ya miƙe idonsa jajir, ya tarar wani na zaune a kujerar roba ta kusa da firji, ya ce masa, “Bawan Allah, ɗan tashi, nan wurina ne.” Mutumin kuwa ya tashi. Kun ji irin gidan da Yaya ya bar mana.

Muka kai shi gida Najeriya, aka binne shi kusa da matarsa, muka dawo. Sai ɗansa ya tara mu a falo, ya kira waɗanda suka fi daɗewa suna zuwa taron Lahadi. Ya ce, “Gwaggo, takarda biyu mai bene ya aiko mana, ta biyun a kan ƙofar nan da Baba ke bari a buɗe. In ta uku ta zo, sai mu kwashe kayanmu. Sunana ne a takardar haya, bizar kowa a gidan nan a wuyana take. Baba na da rai ban iya masa ba. Yanzu ni a ganina a rufe ƙofa, a rubuta sunayen 'yan taro, wanda ke cikin littafi ya buga a buɗe masa. Amma ke kike dafawa shekara tara. Abin da kika ce shi za a yi.”

Duk suka zuba mini ido. Kowa ya san abin da zan ce, don ba a yi Lahadin da ban yi mitar ƙofar nan ba. Zan gaya muku amsar da na ba shi. Amma sai kun fara jin yadda aka yi ƙofa ta zama abin zama a yi shawara a kanta.

Ƙofofin garin nan ba irin na gida ba ne. Ka sake su, su rufe kansu, su kulle, ko tukunyarka na kan wuta. To duk ranar taro, da Yaya ya yi wanka ya sa farar rigarsa, sai ya cire silifas ɗinsa wari ɗaya, na hagu, shuɗi, ya cusa a bakin ƙofa don kada ta rufe. Ya yini yana ɗingishi da wari ɗaya, dattijo da furfura. Sanyin esi ya tsere waje, zafin bene ya shigo ya same ni a gaban tukunya.

Na ce, “Yaya, a sa katako mana.”

Ya ce, “Katako ba ya cewa akwai mutum a ciki.”

Na ce, “To su ƙwanƙwasa, ai da hannunsu suka zo.”

Ya ce, “Ƙanwata, mai ƙoshi shi ke ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda nake nema ba zai ƙwanƙwasa ba.”

Ƙasar nan tana da dokarta, ba a wa'azi a titi, ba a raba takarda, kuma Yaya bai taɓa yin ko ɗaya ba. Ba allo, ba suna, ba ƙararrawa. Kwatance ɗaya ne ke yawo daga baki zuwa baki, daga ɗakin ma'aikata zuwa bayan kicin na masu gida: ka shiga Karama, ka nemi bene mai shagon ɗinki a ƙasa, ka hau hawa na uku, ka duba ƙofa mai takalmi. Iyakar bisharar Yaya ke nan. Warin silifas.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, na san mutumin nan kafin ya zama haka. Shekara talatin yana katikis, mai koyar da addini a cocin Katolika na ƙauyenmu, can kudancin Kaduna. Kowa na da kati, shi ke tsayawa a ƙofar coci yana dubawa, da tabarau a kan hanci. Da 'yata ta fari ta auri ɗan wata ɗarika ba a ɗaura a coci ba, a lokacin uwa ce ke ɗaukar horo. Yaya ya zo har gidana a kan kekensa, na dama masa kunu, ya sha, ya share baki, ya miƙo hannu ya ce, “Kawo katinki.” Shekara biyu ina zama a bencin baya. Mata su tashi su je su karɓi Jibin Ubangiji, ni ina kallon yatsun ƙafata. Ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai rage mini ko wata guda ba.

Da matarsa ta rasu, ɗansa mai gyaran lif ya ɗauko shi ya kawo shi Dubai. Ni na biyo baya da aka haifi jikokinmu. A takardar bizata an rubuta mai reno, ba su yi ƙarya ba. Tare muke zuwa babban coci ni da shi, tun ana hutu ranar Juma'a. Jama'a kamar ƙasa, kowace ƙabila da lokacinta. Ba abin da aka yi masa a can, kada wani ya ce korarsa aka yi.

Wata rana muna fitowa sai ya hangi wata mata a wajen get, ta jingina da katanga cikin rana, tana bin waƙar da ake yi a ciki da Hausa a hankali. Ya je ya ce, “'Yata, me ya hana ki shiga?”

Ta ce, “Baba, mijin fari ya gudu ya bar ni, na yi wani auren. Katikis ɗin garinmu ya karɓe katina.”

Ya ce, “A nan wa ya san ki?”

Ta ce, “Ni na san kaina.”

Yaya ya yi mata alama ta biyo mu. A jirgin metro ko kujera aka ba shi bai ga mai ba shi ba. Da muka iso gida ya leƙo kicin ya ce, “Ƙanwata, ƙara malmala ɗaya.”

Daga malmala ɗaya aka fara. Matar ta kawo wata, ita kuma ta kawo wani. Masu aikin gida da ba a sakinsu sai an tashi daga babban coci. Masu aure biyu, masu zaman da ba aure, masu jin kunyar da su kaɗai suka san dalilinta. Da fari addu'a ce kawai da jan carbin rosari da tuwo. Sai ga Fada, wato limamin coci.

Ba'indiye ne, yana awon kwalaye a wani ofishin kago a Deira, can Yaya ya gamu da shi ya je aika kaya gida. Fada ne na sosai a da, ya ajiye ya yi aure, ya bi wani bishop na masu zaman kansu, waɗanda ke cewa su Katolika ne amma ba sa ƙarƙashin Roma. Ranar da ya fara zuwa, wata mata na biye da shi da kular abinci. Na ce wace ce wannan? Aka ce matar Fada. Sai da na dafa bango.

Teburin gugana suka mai da bagadi. Farin ƙyallen da ake shimfiɗawa ni nake wankewa, ni nake gogewa a kan teburin, sannan a ɗauke mini teburin. Yaya, mai duba kati, shi ne ke tsayawa kusa da Fada yana cewa, “Ku matso, duk mai jin yunwa ya matso.” Ba a tambayar kowa komai. Ni kuwa sammako nake yi in tafi babban coci, in karɓi jibina a wurin Fada marar mata kamar yadda uwata ta koya mini, in dawo in ɗora tukunya. Shekara tara ƙafata ba ta taka falon nan ana sujadar Mas ba. Kicin na kusa da ƙofar waje, ina jin komai, ba na ganin komai, haka nake so.

Rigimarmu ɗaya ce, muna ta maimaita ta kamar waƙar daka.

“Yaya, wannan ba coci ba ne.”

“To mene ne?”

“Gidan cin tuwo ne. Coci yana da ƙararrawa, yana da littafin sunaye, yana da maƙabarta. Kai wa ka sani a cikinsu? Yau ka ga mutum, gobe bizarsa ta ƙare ya tafi, ko sallama babu.”

Sai ya ce, “Nawa muke yau?”

“Malmala goma sha tara.”

“Wa ba ya cin yaji?”

“Dogon mai gadi.”

“Wa ke ɓoye nama a leda ta kai wa wadda ba a bari ta fito?”

“'Yar Filifin. Tana zaton ban gani ba.”

“To kin ga. Ga littafin nan a kanki.”

Na ce kaina ba littafinsa ba ne. Ya yi dariya ya ce, “Ƙara ɗaya dai.” Kullum sai an ƙara ɗaya, ta wanda bai zo ba tukuna. In ba wanda ya zo, ni nake ɗumama ta da safe in ci ina tsaki.

Sau ɗaya na fito masa da abin da ke raina. Ranar, wata mata ce ta karɓi jibi wadda kowa ya san da mijin wata take zaune, na jiyo muryarta tana cewa amin. Da aka watse na ajiye muciya na ce, “Yaya, shekara biyu ka zaunar da ni a bencin baya a kan auren da ba ni na yi ba. Yau ga shi kana rabawa kamar ƙosai.” Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Na zaunar da ke.” Shi ke nan. Ba yi haƙuri, ba na yi kuskure. Ya tashi ya ɗingisa ya je ya gyara zaman silifas ɗinsa a ƙofa. Da muciyar na hannuna a lokacin, ban san abin da zai faru ba.

Kada ku ce ƙofar nan ba ta ja mana komai ba. Takalma kan taru a baranda kamar bakin kasuwa. Wata Lahadi aka nemi sabon takalmin ɗan Yaya aka rasa, wanda ya saya don zuwa neman ƙarin girma a wurin aiki. Mako na zagayowa sai ga wani mutum ya shigo da shi a ƙafa, ya cire ya ajiye, ya zauna ya wanke hannu. Ɗan Yaya ya miƙe zai yi kansa. Yaya ya riƙe masa hannu, ya dubi mutumin ya ce, “Ya yi maka daidai? Bai matse ka ba?” Mutumin ya ce, “Kaɗan, Baba.” Ya ce, “Zai saki.” Na zuba wa ɓarawon miya ina ji kamar in zuba masa a ka. Sai daga baya muka ji aikin gadi ya je nema, an ce kada ya zo da silifas. Ya sami aikin. Takalmin dai bai dawo ba, shi kuma bai fasa zuwa ba, yana cikin masu kukan ranar Talata.

Bakanon nan kuwa sai an gama Mas yake shigowa, ƙamshin miyar kuka ke jawo shi, don matarsa na gida Najeriya. Ya ce, “Salamu alaikum, an gama ko in koma?” Yaya ya ce, “An gama namu, saura na kowa.” Su zauna su yi ta musu a kan wane gari ya fi iya kilishi. In la'asar ta yi Yaya da kansa ke nuna masa ɗaki ya ce, “Gabas ɗinku ta nan take, je ka, kada ka makara.” Ranar gaisuwa Bakanon ya ce mini, “Mama, shekara bakwai ina cin tuwo a nan, wallahi bai taɓa ce mini komai a kan addinina ba sai ƙara miya.”

A babban coci kuma matan zumunta su tare ni su ce, “Kaka, har yanzu kina dafa wa 'yan tawaye?” In ce, “Ku da ba 'yan tawaye ba, wa kuka ciyar a makon nan?” In dawo gida da fushinsu in sauke wa Yaya. A waje ina tare masa, a ciki ina cinsa da faɗa. Shekara tara. Ku gaya mini in wannan rayuwa ce.

Da takardar mai bene ta fari ta zo, a kan waƙa ce, Yaya ya ce a rage murya, aka daina kiɗa. Ta biyu a kan takalma da ƙofa ce. Ɗansa ya durƙusa masa har ƙasa. Yaya ya ce, “Na ji, ɗana, kana da gaskiya.” Lahadi na yi ya cusa silifas ɗinsa. Ba shi da faɗa, ba shi da ɗaga murya. Ya ba ka gaskiya, ya yi abin da ya ga dama. Ban taɓa ganin mai taurin kai da ladabi irinsa ba.

Lahadinsa ta ƙarshe, an watse, ina kankare tukunya, ya zo ya tsaya a ƙofar kicin yana haki. Na ce, “Yaya, jikinka ya gaji. Duk wanda zai zo ya zo. Cire takalmin nan ka sa a ƙafarka.”

Ya ce, “Akwai wadda nake jira, ba ta iso ba.”

Na ce, “Wace ce kuma?”

Ya ce, “Daga nesa take.”

“Daga ina? Garin Sharja?”

Ya ce, “Daga kicin.”

Na ce ya fice mini da gani kafin in watsa masa ruwan wanke-wanke. Ya tafi yana dariya yana tari. Kwana biyu tsakani ya rasu. Maganar ƙarshe ta kirki da muka yi ke nan, kuma korarsa na yi.

To, ga amsar da na ba ɗansa. Na ce, “A rufe. A rubuta.” Na faɗa da ƙarfi, don in ji daɗin faɗa. Silifas ɗin ma ba ya nan, an haɗa shi da kayan Yaya a kwali an kai gida, duk wari biyun.

Aka sayo littafi mai baƙin bango. Nan aka gane rubutu ba wasa ba ne. Ɗan Yaya ya ce a rubuta masu baftisma. Direban tasi ya ce takardarsa ta ƙone tun a Jos, ko sai ya koma an sake tsoma shi? Aka ce to a rubuta wanda ya zo sau uku. Bakano ya ce, “Kai, ni na zo sau ɗari uku, kada wanda ya sa ni a littafin coci, amma kujerata tana nan.” 'Yar Filifin ta ce wadda take kai wa nama fa, ba ta taɓa zuwa ba, amma duk mako tana aiko da sunan wanda za a yi wa addu'a. Fada ya shafa kai ya ce shi kansa akwai littafin da aka soke sunansa a ciki. Da ƙyar aka haɗa suna goma sha huɗu. Ɗan Yaya ya ɗago ya ce, “Gwaggo, in rubuta ki?” Na ce, “Rubuta ni ka gani.”

Lahadi ta zo. Na je babban coci na dawo. Masu suna suka buga aka buɗe musu ɗaya bayan ɗaya, ƙofa ta rufe kanta ƙyas. Gida ya yi sanyi, kicin ya yi daɗi, ban ko yi gumi ba. Na tuƙa malmala goma sha shida, har da tawa da ta Bakano. Hannuna ya kai zai ƙara ɗaya, na buge shi. Na ce yau dai na huta.

An fara Mas sai na ga shara ta cika, ƙashin kaza da ɓawon albasa. Na ɗauka zan kai wurin zubarwa a ƙarshen baranda. Na buɗe ƙofa sai na tuna ba ni da makulli a zani. In ta rufe sai na buga, a katse addu'a a zo a buɗe mini gaban kowa, kamar mai neman shiga. Na duba ba katako, ba komai. Na cire silifas ɗina wari ɗaya na cusa. Na ce minti ɗaya ne.

A kan matattakala na gan ta. Mace ce kamar sa'ar 'yata, da rigar aikin gida a ƙarƙashin mayafi, ta rungume jaka a ƙirji, gumi ya jiƙa ta. Ta gan ni da ɗankwali ta zabura ta ce, “Sannu, Mama.” Hausar Adamawa.

Na ce, “Me kike yi a nan cikin zafin nan?”

Ta ce, “An ce mini in nemi ƙofa mai takalmi. Na zaga hawan nan sau uku ban gani ba. Na ce ko bene na ɓata.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin a fara waƙa.”

“Kina jin waƙar, kin san ƙofar ke nan. Me ya hana ki bugawa?”

Ta dubi ƙasa. Ta ce, “Mama, ban san ko irina ake so ba.”

Na tsaya da ledar shara a hannu, ƙafa ɗaya a kan siminti mai zafi. Ba tausayi ne ya fara zo mini ba, in gaya muku gaskiya, haushi ne. Mutum ya mutu, an binne shi, an zuba masa ƙasa, amma sai ya ci ni da musu. Ban tambaye ta me ta yi ba. Na san kallon nan da take yi wa yatsun ƙafarta, shekara biyu na yi ina yinsa.

Ta ɗago ta hangi ƙofarmu ta ce, “La, ga shi can.” Takalmina take nunawa.

Na ce, “Tashi ki shiga.” Ta tashi, ta kai bakin ƙofa ta toge. Ta ce, “Ke ma ciki za ki?” Na ce ni kicin zan shiga. Ta ce to bari ta bi ni kicin ta taya ni aiki. Na ce, “Kwana nawa kika yi kina wanke tukunyar wasu, yau ranar hutunki ki zo ki wanke tawa? Wuce.” Ta ƙi motsi. Ta kama bakin zanina kamar za a kwace ta.

Haka na shiga falon nan, ta ƙofar waje, ana tsakiyar Mas, da silifas wari ɗaya, da baƙuwa riƙe da zanina. Fada ya tsaya da magana. Dogon mai gadi ya buɗe baki. Na ce, “Me kuke kallo? Ku ci gaba.” Wuri ɗaya ne ba kowa, kujerar Yaya ta kusa da taga, ba wanda ya yarda ya zauna a kai. Na zaunar da ita a can, ni na zauna a hannun kujerar don ba ta sake ni ba. Da aka zo jibi ta dube ni, na ce, “Je ki, ba a duba kati a nan.” Ta je. Ni ban karɓa ba, na riga na karɓi nawa da safe, kada wani ya ƙara mini gishiri a labari. Amma na zauna har aka ce a tafi cikin salama. Miyata ta kama a tukunya, ranar kowa ya ci da ƙauri.

Da aka gama ɗan Yaya ya zo da littafinsa. Ya ce, “Gwaggo, sunanta?”

Na ce, “Ban tambaya ba.”

Ya juya ya ga abin da ke bakin ƙofa. Ya sunkuya zai cire. Na ce, “Taɓa ka gani.”

Ya ce, “Gwaggo, ke fa kika ce a rufe.”

“Na ce. Yanzu na ce a buɗe. Ba kai ka ce abin da na faɗa shi za a yi ba?”

“In takarda ta uku ta zo fa?”

Na ce, “Daga yau kowa ya shigo da takalminsa ciki, ga kwali nan, kada in ga ko ɗaya a baranda sai nawa. Waƙa a yi ta ƙasa-ƙasa. Mai gadin bene a kai masa tuwonsa har ƙasa, ka kuma je da kanka ka gaya wa mai bene abin da muka gyara. In duk da haka ta zo, to ta zo. Ni zan fara ɗaure kaya. Ka dai nemo mana gida mai ƙofar da ta san mutunci.”

Ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Wallahi ku biyun nan ba ku da bambanci.” Na ce ya kiyaye bakinsa. Ya rufe littafin ya ɗora a kan firji, har yau yana can, matarsa na rubuta cefane a bayansa. Malmala ba ta kai ba ranar, tawa na ba baƙuwar, na ci ƙanzo.

Har gobe ban ce coci ne ba. Wanda ya sani shi ne Mai sama, ni mai tuƙa tuwo ce. Takarda ta uku ba ta zo ba tukuna, duk sanda aka turo wani abu ta ƙarƙashin ƙofa gabana sai ya faɗi. Zafi ya dawo kicin, ƙafata ta hagu ta fara kaushi, jiya ma wani ya tafi da cokalina.

Yaya, ka ga abin da ka ja mini. Ubangiji ya ba ka hutu, ya haskaka maka da hasken da ba ya ɗaukewa. In ka isa can ka tarar da ƙofa, na san halinka, ba sai na roƙe ka ba. Ka dai sa na hagun, in gane ta daga nesa, don ni ma ba mai ƙwanƙwasawa ba ce.